Ranar da Ya Meram Ta Hau Soro

A wani lungu na unguwar Dogo Nini, zamanin da rufin kwano bai cika garin Potiskum ba, gayya ake yi wa yaɓen soro. Da zarar bazara ta yi nisa, sai Bunu, dattijon lungun, ya shimfiɗa buzunsa a gindin bishiyar maina ya tsara yadda za a bi gidaje. Kowane gida zai ba da namiji ɗaya. Mai gida ya tanadi ƙasar da ta tsimu, matarsa ta dama kunu, yau a hau soron wannan, gobe na wancan, har a zagaye lungun kafin hadarin farko ya taso daga gabas. Kafin kowa ya taka tsani kuma, sai an ɗaga murya an ce, "Za a hau sama, mata a kauce," domin wanda ke kan soro yana ganin tsakar gidan kowa. Mata su kwashe tankaɗe da wanki su shige ɗaki, su zauna suna gumi har a sauko.

Wanda ke kan soron kuwa kusan kullum Yaji ne. Sauran maza miƙo ƙasa suke yi, shi yake shafewa. Dogo ne marar jiki, mai faɗin tafin hannu, ba ya magana in yana aiki, sai dai ya yi tsaki in an miƙo masa ƙasar da ruwa ya yi wa yawa. Tun kafin a sami mulkin kai yake hawa sorayen lungun, kuma dogon tsanin da ake yawo da shi gida gida nasa ne, shi ya sassaƙa abinsa. Ba a taɓa jin ya ce yau yana da uzuri ba. Ranar da aka zo da labarin ɗansa Sajo, wanda ya tafi yaƙin basasa bai dawo ba, yana kan soron Bunu. Ya sauko ya ji, ya yi salati, ya koma ya ƙarasa gefen da ya rage don kada ƙasar ta bushe.

Sai babban fari ya zo. Ruwa ya ɗauke, shanu suna faɗuwa a hanyar kasuwa, mutane suna cin ganyen da a da ko akuya ba sa ba. Ba wanda ya ƙara zancen yaɓe, don wa zai tsare soro daga ruwan da ake ta roƙo ba a samu ba? A cikin farin nan ne Yaji ya yanke jiki ya faɗi a bakin rijiya. Aka ɗauko shi ɓarin jikinsa na dama a shanye, bakinsa a karkace, aka kwantar da shi a gadon ƙasar da ya gina da hannunsa a kusurwar soronsa. Ɗakin ke nan da ya rage a gidan. Na Sajo ya daɗe da rushewa, jinkar madafa kuma awaki sun cinye ta kafin su ma su mutu.

Matarsa, wadda lungun ke kira Ya Meram, ita ke juya shi, ta wanke shi, ta ba shi abinci a baki. Daddawa take yi tana sayarwa a bakin Kasuwar Shanu, da ita suke ci. Gajeruwa ce mai ƙarfi, mai kaifin harshe, irin wadda yara ke gaishe ta tun daga nesa don kada a kai ga kusa. Shi kuwa Yaji ba shi da aiki sai kallon rufi. A bazarar da ta biyo bayan farin, wata safiya, ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna mata sama. Wani siririn haske ne ya ratso tsakanin azara biyu, daidai saitin ƙirjinsa.

"Bana za a yi ruwa," ya ce da harshensa mai nauyi. "Iska ta sake. Soron nan ba zai ɗauka ba."

Meram ba ta tsaya jimami ba. Ta shiga ɗebo jar ƙasa daga busasshen kududdufin bayan unguwa, daro bayan daro, har tsakiyar kanta ta yi kanta. Ciyawar da ake cuɗa ƙasa da ita ta fi gero wuyar samu a shekarar, sai ta riƙa bin bayan kasuwa tana tsintar wadda shanu suka tattake, ta haɗa da kashinsu. 'Yarta Fanna, da ke aure a Gadaka, ta aiko mata da buhunan kwasfar ɗorawa a motar kasuwa, ta jiƙa su a manyan tukwanen daddawa har ruwan ya yi baƙi ya yi danƙo. Makuba ke nan, wadda in aka kwaɓa ƙasa da ita ruwa ke zamewa a kan soro bai shiga ba. Ta tattake ƙasar da ƙafafunta, ta rufe da tsohuwar tabarma, ta bar ta ta tsimu har warinta ya fita lungu. Geron kunun gayya kuma ta zuba shi a tulu ta liƙe bakin, ko ranar da suka wuni da yunwa ba ta taɓa shi ba.

Da Bunu ya shimfiɗa buzunsa ya tsara gidaje, gidan Yaji ne ya zo na ƙarshe. Meram ta yafa gyale ta je ta durƙusa daga gefe ta tambayi dalili. Ya gaya mata cikin taushin murya cewa gidan da bai ba da hannu ba shi ake yi wa a ƙarshe, kuma ba shi ya kafa ba, haka ya tarar. Ta tuna masa cewa hannun da ke kwance a gidanta shi ya shafe soron da yake kwana a ciki shekara da shekaru. Ya gyaɗa kai ya ce Allah ne kaɗai zai iya saka wa Yaji. Mutanen lungun nan sun ƙware wajen bar wa Allah duk aikin da ya yi musu nauyi.

"Gidan Yaji ai gidanmu ne, Ya Meram," ya ce. "Da mun zagayo, ku ne."

Kafin a fara gayyar, sai ga Kaumi ya yi sallama. Kaumi maƙwabcinsu ne, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Dillalin shanu ne, kuma a farin da kowa ya rame shi ya yi tumbi, don ya sayi shanun makiyaya lokacin da ba sa iya tsayuwa da ƙafafunsu. Har ya buga wa zaurensa kwano da ƙofa mai kwaɗo. Rabonsa da ɗakin Yaji tun farkon ciwon, amma ranar ya durƙusa yana ta Baba Yaji ya jiki, Baba Yaji Allah ya ƙara sauƙi, hancinsa kuwa na can wajen tukwane. Tsani ya zo aro, sai kuma ɗan makuba, tunda duk garin babu. Meram ta buɗe baki za ta ba shi amsar da ta dace da shi, Yaji ya riga ta.

"A ba shi," ya ce. "Ba a hana maƙwabci kayan yaɓe."

Aka ba shi. Da labari ya bazu, kowa ya zo da ƙwaryarsa da gaisuwarsa. Ta ga tukwanenta suna ja baya, sai ta jawo ɗaya ta kifa mata daro, ta ɗora itace a kai, ta ce wa duk mai zuwa ta ƙare.

Gayya ta fara. Kullum da safe a ji kiran mata a kauce, sannan a ji tsanin Yaji ya bugi katangar wani. Yana kwance yana saurare, wani lokaci ya yi tsaki ya ce ƙasar can ta yi ruwa, daga faɗuwarta ya ji. Aka zagaye lungun kaf, saura gida ɗaya. Sai ranar kasuwa ta zo. Bayanta aka yi suna a gidan wani. Sannan ciwon baya ya kama Bunu, sannan aka ce maza sun tafi sharar gona. Kowace yamma gabas tana haɗa baƙi tana warwarewa, walƙiya tana wasa can nesa wajen Gadaka. Ƙasar Meram ta fara bushewa, ta yayyafa mata ruwa ta sake tattakewa, ta je ta tuna wa Bunu, ya ce gobe in Allah ya yarda. Ta koma sau nawa, ita ma ta daina lissafi.

Ranar wata Juma'a gari ya waye shiru, ko ganye ba ya motsi, tururuwa suna jere a gindin katanga ɗauke da ƙwayayensu. Yaji ya ce ruwan nan in ba yau ba gobe. Meram ta shiga gidan Kaumi ta tarar da matarsa Kellu tana shara, ta ce ta zo karɓar tsaninsu. Ta jawo shi a ƙasa har gida, ta jingina shi a gefen indararo, inda ruwan soro ke zubowa. Sannan ta shiga ta gaya wa mijinta abin da za ta yi.

Ya dube ta ya ce, "Mace ba ta hawa soro, Meram."

"To, Malam, tashi ka hau."

Ya juya fuskarsa bango. Ta ji zafin maganar a nata ƙirjin kafin ma ta gama fita daga bakinta, amma ba ta janye ta ba, don ba ta da wata. Can sai ya fara magana a hankali, fuskarsa na bango. Ya ce ta fara daga can gefe mai tudu, ta riƙa ja da baya tana nufo tsani, don kada ta taka inda ta shafe. Ta danna ƙasar da tafin hannu, kada ta lallaɓa ta. Bakin indararo shi ne na ƙarshe, haka ake yi.

Ta ɗaure zaninta tamau, ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga murya ta ce za a hau sama. Matan maƙwabta suka ji muryar mace, suka yi dariya suka ci gaba da abin da suke yi. Ta ɗora ƙwaryar ƙasa a ka ta kama tsani. Ta yi ta hawa da sauka tana juye ƙasa nan inda hannunta ke kaiwa, a bakin indararo, har tulin ƙasar ya yi tudu. Sannan ta rarrafa zuwa gefe mai tudu ta fara shafewa.

Sai da ta miƙe don bayanta ya huta ta ga lungun yadda Yaji ya saba ganinsa. Sorayen duka sun yi baƙi sumul suna ƙyalli da makubarta. Kaumi bai tsaya a soron matarsa ba, har ɗakin ragunansa da akurkin kaji ya shafe. Mazan da aka ce suna gona kuwa ga su can a gindin maina, sun baje suna wasan dara. Ta juya ɗaya gefen, sai idonta ya faɗa makewayin Bunu, dattijo yana wankan Juma'a da ƙwarya a hannu, kumfa a gemu. Ya ɗaga kai, suka haɗa ido, ya sulale ya tsuguna. Kiran nan mata aka yi wa. Tun da aka kafa lungun ba a taɓa tanadar kalmar da za ta ce maza su kauce ba.

Ba a jima ba gidan ya cika. Tun ranar da aka ɗauko Yaji daga bakin rijiya, tsakar gidan ba ta ga maza haka ba. Duk wanda aka yi ta nema aka rasa ya zo, da mai ciwon baya da mai sharar gona, kowa cikin wankakkiyar riga. Bunu ya tsaya a gaba, ruwa bai gama bushewa a kunnensa ba.

"Ya Meram, sauko. Wannan abin kunya ne ga lungu duka. Masu wucewa suna nuna mu da baki."

"Saura kaɗan, Baba Bunu," ta ce daga sama, hannuwanta dumu-dumu da ƙasa. "Kusurwar da yake kwance ce kawai. Ɗayanku ya hau ya ƙarasa, ni in sauko yanzu."

Kowa ya dubi rigarsa. Wani ya ce lokacin masallaci ya matso, wani ya ce gobe da sassafe za su zo gaba ɗaya, su yi aikin yadda ya kamata. Ta ci gaba da shafa kamar ba da ita ake ba. Sai Bunu ya sunkuya ya shiga ɗakin, ya tsaya kan majinyaci ya tambaye shi ko har yanzu shi ne mai gidan nan. Yaji ya ga ƙafafun maza sun cika masa ƙofa, duk wanda ya taɓa miƙa masa ƙasa yana jiran ya ji. Ya tattara muryar da ta rage masa ya kira sunanta, ya ce ta sauko.

Tsawon zamansu ba ta taɓa musa masa a gaban mutane ba, kuma ba ta iya farawa a ranar da yake kwance ba. Ta sauko. Da ƙafarta ta taɓa ƙasa ta tuna da tulin ƙasar da ta bari, ta ce musu ya toshe bakin indararo, su bar ta ta koma ta ture shi kawai. Kaumi ya ɗaga kai ya dubi sama kamar yadda yake duban saniya, ya ce ruwan nan ba na yau ba ne. Ya saɓa tsanin a kafaɗa, ya ce gara ya kwana a wurinsa kada zuciya ta sake raya mata. Ya kai shi zaurensa ya danna kwaɗo, ya jefa mukulli a aljihu. Suka ɗunguma masallaci, daga can shi ya wuce kasuwa.

Bayan la'asar hadari ya taso. Iska ta fara zuwa ta kwashe zana da tabarmi, sannan ruwa ya kece, irin wanda ba a gani ba tun kafin farin. Yara suka fito tsirara suna tsalle, mata suna guɗa, ana jera tukwane a ƙarƙashin kowane indararo. Garin duka murna yake yi, kuma yana da hujja. Meram kaɗai ke tsaye a tsakar gida tana kallon nata indararon, ko ɗigo bai fito ba. Rawanin soron, ɗan ginin da ya zagaye bakinsa, ya kewaye ruwan, tulin ƙasa ya toshe masa hanya, soron ya zama daro.

Ta ɗauko gora ta zungura, ba ta kai ba. Ta hau turmi, santsi ya kayar da ita. Ta ruga gidan Kaumi ta tarar da zaure a kulle, Kellu ta leƙo tana rantsuwa cewa mukulli na wurinsa, shi kuma yana can kasuwa ya fake. Ta buga ƙofar Bunu har hannunta ya yi zafi, ƙarar ruwa ta haɗiye bugun. Da ta dawo ta shiga ɗaki, gefen da ta shafe a bushe yake. A kusurwar gado kuwa ruwa ne da taɓo ke kwararowa tsakanin azara, kai tsaye kan ƙirjin Yaji. Yana kwance idonsa a buɗe, taɓo a gemunsa, bai kira kowa ba. Ta rungumo shi ta ƙarƙashin hammata ta sauko da shi, ta ja shi a tabarma zuwa bakin ƙofa. Ba su gama isa ba kusurwar ta rufto kan gadon.

Da ruwa ya ɗauke maza suka zo, suka yi ta cewa Allah ya kiyaye, suka ɗauke shi zuwa zauren Bunu. Sanyi ya riga ya shiga ƙirjinsa. Ya kwana biyu yana tari yana numfashi da ƙyar, Meram na zaune a gefensa ba ta kallon kowa. Da ya ɗan farfaɗo ya tambaye ta ko gefen da ta shafe ya yi yoyo. Ta ce bai yi ba.

"To kin iya," ya ce. Bai ƙara wata maganar da ta gane ba.

Jana'izarsa ta yi jama'a, kowa na faɗin alherinsa. A wurin zaman makoki Bunu ya ce bai dace matar Yaji ta yi takaba a ɗakin da rufinsa ke buɗe ba, don haka gobe gayya. Ba wanda ya kawo uzuri. Da sassafe Kaumi ya buɗe kwaɗo ya fito da tsani, ya kawo har da sababbin azara daga gidansa. Aka buɗe tukunyar makubar da ta ɓoye, Kellu ta fasa bakin tulu ta dama kunu da geron nan. Wani ya tsaya a tsakar gida ya ce za a hau sama, mata a kauce, Meram ta tashi ta shiga ɗakin ta zauna a gefen da ta shafe. Tana jin sawunsu a samanta, suna raha, suna miƙa ƙasa hannu da hannu.

Inuwar katanga ba ta gama janyewa daga tsakar gida ba aka ji sun sauko suna wanke hannu. Bunu ya zo bakin ƙofa ya yi gyaran murya.

"Ya Meram, mun gama. Ko ɗigo ba zai ƙara shiga ba."

Ta ɗaga kai ta dubi kusurwar. Hasken nan ya toshe, azara sun zauna daram a kan gadon da ba kowa. Ta leƙa waje ta ga rana, ko zafi ba ta fara ba.

"Har kun gama?" ta ce.

"Har mun gama."

"Ashe aikin hantsi ɗaya ne."

Bunu ya tsaya kamar zai ce wani abu, sai aka kira shi daga tsakar gida, kunu yana hucewa.